Yaron da Aka Yi wa Rasuwa: Tambayoyi da Amsoshi ga Iyaye da Mariƙa a Jos

A gidan makoki manya ake zuwa yi wa gaisuwa. Maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, mata suna ciki, duk wanda ya shigo ya ce "ya ƙarin haƙuri", a amsa masa, a yi addu'a, ya tashi. Yaran gidan kuwa ko dai an tura su maƙwabta, ko suna ta zirga-zirgar kai buta da kwanukan abinci, ba tare da wani ya zaunar da su ya gaya musu abin da ya faru ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye da kakanni da mariƙa da malaman makaranta suka fi yi bayan an share makoki, jama'a sun watse, an bar su da yaran.

Shin ƙaramin yaro yana fahimtar mutuwa har ya yi alhininta?

Yana yin alhini tun kafin ya fahimce ta. Jaririn da ya rasa mahaifiyarsa bai san ma'anar mutuwa ba, amma ya san cewa ƙamshin da ya saba ji da bayan da ake goya shi sun ɓace, kuma za a ga haka a kukansa da barcinsa da yadda yake karɓar abinci. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yakan ɗauki mutuwa kamar bulaguro, wato abin da ake zuwa a dawo, shi ya sa zai tambaya yau yaushe Baba zai dawo, a ba shi amsa, gobe ya sake tambaya kamar ba a taɓa gaya masa ba. Daga wajen shekara 6 zuwa 9 ne akasarin yara suke gane cewa mamaci ba ya dawowa, cewa jikinsa ya daina numfashi da jin yunwa da jin zafi, kuma kowa zai mutu. Wannan fahimta ta ƙarshe ita ce takan zo da tsoro, domin yaron da ya rasa uba zai fara lissafin cewa uwar ma tana iya tafiya.

Akwai kuma wani abu da manya ba su cika lura da shi ba. Ƙananan yara sukan ɗauka cewa tunaninsu ko maganarsu na iya jawo abu ya faru. Yarinyar da ta yi fushi da ƙaninta ta ce masa "Allah ya sa ka mutu", sannan zazzaɓi ya ɗauke shi bayan wata guda, tana iya ɗaukar laifin a ranta shekara da shekaru ba ta gaya wa kowa ba. Yana da kyau a faɗa wa yaro ƙarara cewa babu abin da ya yi ko ya faɗa da ya jawo rasuwar, ko da bai tambaya ba.

Yaya za a sanar da yaro? Ba gara a ce masa mamacin ya yi tafiya ba?

Wannan ita ce ƙaryar da aka fi yi da kyakkyawar niyya, kuma ita ce ta fi barin tabo. Yaron da aka ce wa mahaifinsa ya tafi Kano ko Makka zai riƙa leƙen ƙofa, zai riƙa tambayar kansa me ya hana a yi masa sallama, daga baya kuma zai ji gaskiya a bakin wani yaro a layi ko a islamiyya. Ranar nan ya yi rashi biyu: ya rasa mahaifinsa, ya kuma daina yarda da maganar manyan gidansu. Haka ma cewa "yana barci" kan sa wasu yara su ji tsoron kwanciya.

Abin da ya fi shi ne mutumin da yaron ya fi sabawa da shi ya sanar da shi da wuri, a wuri mai natsuwa, da gajerun kalmomi. Kaka tana iya jan jikarta jikinta ta ce: "Uwata, kin san Babanku ya daɗe ba shi da lafiya. Jiya da dare Allah ya yi masa rasuwa. Ya mutu, ba zai dawo ba. Ni ina nan, Mamanku tana nan, mu za mu kula da ku." Sai ta yi shiru ta saurari abin da yarinyar za ta ce. Bayanin addini, cewa ya koma ga Ubangijinsa kuma muna yi masa addu'a, yana da muhimmanci, amma a haɗa shi da bayanin abin da ya kashe shi daidai da hankalin yaron, a kuma nuna masa bambancin ciwo mai tsanani da mura ko zazzaɓin da shi ma yake yi ya warke.

Ya dace yaro ya ga gawa ko ya bi jana'iza?

Ba a tilasta masa, ba a kuma hana shi da tsawa. A gidajen Musulmi ana yin sutura cikin sa'o'i kaɗan, saboda haka yaron da ya tafi makaranta da safe yana iya dawowa ya tarar an riga an kai mahaifiyarsa makabarta. Idan da hali a ɗauko shi, a bayyana masa abin da zai gani, wato likkafani da makara da mutane masu kuka, sannan a tambaye shi ko yana so ya shiga ya yi mata addu'a, wani babba yana riƙe da hannunsa. A gidajen Kirista, inda gawa kan kwana a asibiti kafin ranar biso, akwai isasshen lokacin shirya yaron. Idan gawar ta lalace saboda hatsari ko gobara, kada a nuna masa. Wanda bai samu halarta ba ana iya kai shi ziyarar kabari daga baya.

Yarona yana wasa da dariya kamar ba abin da ya faru. Bai damu ba ne?

Ya damu. Yaro ba ya iya zama cikin baƙin ciki na tsawon yini kamar babba, sai dai ya shiga ya fita: ya yi kuka na minti biyar, ya tashi ya bi ƙwallo, da daddare kuma abin ya dawo. Wasu yaran a cikin wasan ma suke fitar da abin, za a ga sun naɗe 'yartsana a tsumma suna yi mata jana'iza. Kada a kwaɓe su.

Sauran abubuwan da aka saba gani a makonnin farko sun haɗa da komawa fitsarin kwance bayan an daina, tsotson yatsa, manne wa uwa har ƙofar banɗaki, mugun mafarki, ciwon ciki ko ciwon kai da asibiti bai gano dalilinsa ba, saurin fushi da faɗa da 'yan'uwa, da kuma faɗuwa a jarrabawa. Dukan yaro a kan fitsarin kwance a irin wannan lokaci ƙara tsananta shi yake yi.

Mu masu imani ne. Barin yaro ya yi ta kuka bai saɓa wa haƙuri da dangana ba?

Bai saɓa ba. Ya tabbata cewa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma bayyana cewa ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba a faɗin abin da ba zai yardar da Ubangiji ba. Shi da kansa maraya ne: mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 6, kakansa da ya riƙe shi ya rasu yana ɗan shekara 8. Har ƙaramin yaron nan Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, da ɗan tsuntsunsa ya mutu, bai raina damuwarsa ba, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. A wajen Kirista kuma sananne ne cewa Yesu ya yi kuka a kan mutuwar Li'azaru.

Matsalar tana cikin yadda muke amfani da kalmar "yi haƙuri". A bakin wasu addu'a ce da lallashi, a bakin wasu kuwa ma'anarta "yi mini shiru". Yaro yana gane bambancin. Idan duk lokacin da ya ambaci sunan mahaifiyarsa aka ce masa ya yi haƙuri aka sauya zance, abin da zai koya shi ne ambatonta laifi ne, sai ya haɗiye.

Matashi fa? Ɗana mai shekara 15 ya daina magana da kowa a gida.

Matashi ya fahimci mutuwa kamar babba, amma ba shi da ƙwarewar babba wajen ɗaukar nauyinta, ga kuma kunya da alkunya da suka hana shi buɗe baki a gaban iyaye. Mu kuma mukan ƙara masa kaya tun a ranar makoki. Baffa ya dafa kafaɗarsa ya ce "yanzu kai ne uban gidan nan, namiji ba ya kuka", gwaggo ta ce wa yarinya 'yar shekara 14 "ke ce uwarsu yanzu". Ana nufin ƙarfafa gwiwa, amma abin da yaron ya ji shi ne an rufe masa ƙofar kuka an kuma ɗora masa ciyar da gida. Daga nan wasu suke barin makaranta su kama acaɓa ko tallan kaya a Taminus.

Zaunar da matashi gaba da gaba a ce "faɗa mini damuwarka" ba ya cika aiki. Ya fi sakin jiki idan ana wani abu tare, kamar tafiya kasuwa, gyaran babur ko tsinke ganye a madafa, kuma sau da yawa ya fi son kawu ko yayar uwa ko malaminsa a kan mahaifiyar da yake tsoron sa ta kuka. A sa ido a kan sauyin abokai, kwana a waje, da shaye-shaye. Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi tun 2018, amma tiramol da wiwi da sholisho ba su yi wa matashin da ke neman abin da zai sa shi barci wuyar samu ba.

Idan rasuwar ta faru ne a rikici ko hatsari, akwai bambanci?

Akwai, kuma a Jos wannan tambaya ba ta nesa ba ce. Rikicin Satumban 2001, na Nuwamban 2008, na Janairun 2010, da tashin bama-bamai a kasuwar Taminus a watan Mayun 2014, duk sun bar marayu a kowane ɓangare na garin, kuma da yawa daga cikinsu yau su ne iyaye. Hare-haren ƙauyuka a ƙananan hukumomin da ke kewaye da hatsarin mota a manyan hanyoyi suna ci gaba da ƙara wasu.

Idan yaro ya ga kisan da idonsa, ko ya gudu ya bar wani a baya, ko ba a taɓa ganin gawar ba, firgici yakan tare wa alhini hanya. Duk lokacin da ya so tuna mahaifinsa yana dariya, hoton ranar ƙarshe ne yake faɗo masa, saboda haka sai ya guji tunawa gaba ɗaya. Irin wannan yaro yakan zabura idan taya ta fashe ko an buga ƙofa da ƙarfi, yakan ƙi bin wata unguwa, barcinsa ba ya nisa. Shi ne ya fi kowa buƙatar ganin masanin halayyar ɗan Adam, kuma ba sai an jira watanni ba. Akwai kuma nauyin da ke kan manya: yaron da aka rena da labarin "su ne suka kashe ubanka" safe da yamma an ba shi gadon da zai hana raunin warkewa. Ana iya gaya masa gaskiyar abin da ya faru ba tare da an ɗora masa aikin ramuwa ba.

Yaushe za mu san cewa abin ya wuce na gida, sai an kai shi asibiti?

Akasarin yaran da aka yi wa rasuwa ba sa buƙatar likita. Idan sun samu gaskiya, da babban da ba ya gajiya da su, da tsarin rayuwar da bai wargaje ba, sukan farfaɗo da kansu a hankali. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a Janairun 2022, ta amince cewa akwai alhinin da yake daɗewa ya zama lalura, wato idan an wuce aƙalla wata 6 mutum yana cikin matsananciyar kewa da tunanin mamaci har ya kasa tafiyar da rayuwarsa, fiye da abin da al'adarsa da addininsa suka saba gani. Ga yaro, alamun su ne ya kasa komawa makaranta, ya rame, ya janye daga abokai, ya ci gaba da musun cewa an mutu, ko ya nace cewa shi ne sanadi.

Abu ɗaya ne ba a jira a kansa ko na kwana guda: idan yaro ya ce yana so ya mutu, ko yana so ya bi mamacin, ko aka ga yana yanka jikinsa. A tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta cusa masa tunanin, sauƙi ma take ba shi. A kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Me ake yi wa yaro a wajen masani? Allura ko ƙwaya za a ba shi?

Galibin aikin magana ne da wasa. Masanin halayyar ɗan Adam yakan fara da iyaye ko mariƙa, ya ji tarihin rasuwar da halin yaron kafinta da bayanta. Ƙaramin yaro ana ba shi takarda da fensir mai launi ko kayan wasa, domin abin da bakinsa ya kasa faɗa hannunsa yakan zana. Yaron da ya ɗan girma ana koya masa sanya wa abin da yake ji suna, da dabarun numfashi idan firgici ya taso, da yadda zai binciki tunanin da ke cin sa, kamar "da na kira maƙwabta da wuri da ba ta mutu ba". Ga wanda ya ga abin tashin hankali, akwai tsarin da ake bi mataki-mataki har ya iya ba da labarin ranar daga farko zuwa ƙarshe ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba, kuma ana yin sa tare da mariƙinsa, sau ɗaya a mako na tsawon watanni kaɗan. Haɗa yara masu irin rashi ɗaya a rukuni shi ma yana taimakawa, musamman ga matashin da yake ganin shi kaɗai ne ba shi da uba a ajinsu.

Alhini kansa ba a ba shi ƙwaya. Likitan ƙwaƙwalwa yana iya rubuta magani idan ciwon damuwa mai tsanani ya shigo, kuma shi kaɗai ne ya kamata ya yanke wannan hukunci. Sayen maganin barci a kemis a ba yaro kuskure ne mai hatsari.

Ina za mu je a Jos, kuma mutane ba za su ce ɗanmu ya samu taɓin hankali ba?

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda ya fi kusa da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko asibitin Jankwano, ko ma ƙaramin asibitin unguwa, yana iya farawa daga nan, ya yi wa likita cikakken bayani, ya nemi takardar turawa. A Kaduna kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa. Ƙwararru a wannan fanni ba su da yawa a ƙasar nan, masu kula da yara kuwa sun fi ƙaranci, saboda haka a shirya wa jira da komawa fiye da sau ɗaya. Idan yaron ya fi sakewa da Hausa, a faɗa tun farko.

Batun surutun mutane gaskiya ne, amma zuwa wannan sashe ba ya nufin hauka, kamar yadda zuwa sashen ƙashi ba ya nufin gurgunta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare sirri da mutuncin mai neman irin wannan kulawa. Addu'a da ruƙiyya da shawarar liman ko fasto suna tafiya tare da asibiti ba tare da karo ba, matuƙar ba a kai yaron inda za a ɗaure shi ko a doke shi da sunan cire aljanu ba.

Dangi suna so a raba yaran, kowa ya ɗauki ɗaya. Hakan ya dace?

Riƙo yana daga cikin kyawawan al'adunmu, kuma shi ya hana marayu da yawa kwana a titi. Sai dai yadda ake yin sa a gurguje ranar sadakar uku ko ta bakwai, baffa ya ɗauki wannan zuwa Bauchi, gwaggo ta ɗauki wancan zuwa Lafiya, yana nufin yaron da ya rasa uba a wannan mako ya rasa uwa da 'yan'uwa da makaranta da abokai a mako mai zuwa. Idan da hali, gara a bar su wuri ɗaya, dangi su kawo taimakon can. Idan rabuwar ta zama dole, a gaya musu dalili, a haɗa aƙalla biyu a gida ɗaya, a tsayar da lokacin ziyara da waya.

Wani bincike da aka yi a Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda ya bi yara 125 da suka rasa uwa ko uba na tsawon shekara 2, ya gano cewa halin da wanda ya rage daga cikin iyayen yake ciki yana daga cikin manyan abubuwan da ke nuna yadda yaron zai kasance. Wannan ya dace da abin da ake gani a gidajenmu. Matar da ke cikin takaba ta wata 4 da kwana 10, ga jimami, ga tunanin kuɗin haya, ga rigimar gado, ba ta da sauran ƙarfin lallashin yara huɗu. Wanda ya biya mata kuɗin makarantar zango ɗaya, ko ya tsaya aka raba gado bisa adalci aka adana rabon marayu, ya yi wa yaran aikin da ya kai zama da masani.

Me ya kamata a gaya wa makaranta?

A sanar da shugaban makaranta da malamin aji kafin yaron ya koma, haka ma malamin islamiyya ko na makarantar Lahadi. Komawa bayan mako ɗaya ko biyu ta fi dogon zama a gida, domin makaranta ita ce wurin da bai sauya ba. A roƙi malamin ya sassauta a kan aikin gida na ɗan lokaci, ya ba yaron izinin fita idan kuka ya zo masa, kuma kada ya tsayar da shi gaban aji ya sanar da rasuwar sai da yardarsa.

Mu ɓoye hotuna da kayan mamacin don yaron ya manta?

Ba zai manta ba, kuma ba a so ya manta. Idan an zo rabon kaya a ware wa kowane yaro wani abu ƙarami da zai riƙe, hula ko carbi ko zane ko littafin addu'a, a adana hotuna da saƙonnin murya da ke cikin wayar mamacin kafin a sayar da ita ko a goge. A riƙa ambatonsa a hira ta yau da kullum, a ce wannan miyar ita ce Babanku ya fi so, ko dariyarki irin ta Mamanki ce.

A kuma sa rai cewa kewar za ta riƙa dawowa. Sallar farko ko Kirsimetin farko, ranar da aka fito da sakamakon jarrabawa, ranar ɗaurin aure, duk sukan tayar da ita. Yarinyar da ta rasa mahaifiyarta tana shekara 5 za ta zo da sababbin tambayoyi tana shekara 12, irin su wane ciwo ne, wa yake wurin, ta ce wani abu a kaina. Yana da kyau tun yanzu wani daga cikin waɗanda suka yi jinyar ya rubuta abin da ya sani, ko ya naɗa a waya, ya ajiye mata.